Sulhu da ƙuri'a: ina suke haɗuwa, ina suke rabuwa?

Malam Sagir:
Assalamu alaikum jama'a. Duk lokacin da zaɓe ya matso sai ka ji ana cewa sulhu shi ne ginshiƙin dimokuraɗiyya. Ni a ganina rabin gaskiya ce, shi ya sa na kawo maganar mu tattauna. Ku dubi Kenya. An yi zaɓe ranar 27 ga Disamba 2007, aka ce Mwai Kibaki ya ci, Raila Odinga ya ce maguɗi ne, ƙasa ta kama da wuta har aka rasa rayuka sama da 1,100. Kofi Annan da Benjamin Mkapa da Graça Machel suka shiga tsakani, ranar 28 ga Fabrairu 2008 aka sa hannu: Kibaki ya ci gaba da shugabanci, Odinga aka ƙirƙiro masa kujerar firaminista. Jini ya tsaya, mun gode Allah. To amma wa ya ci zaɓen? Kwamitin Kriegler da ya bincika ya ce ba zai yiwu a tantance ba. A watan Satumba na wannan shekarar aka maimaita a Zimbabwe ta hannun Thabo Mbeki, Mugabe ya zauna daram duk da Tsvangirai ne ya zo gaba a zagayen farko. Idan wanda ya faɗi zai ƙi sauka har a kira masu sulhu su yanka masa rabi, me ya rage wa ƙuri'ar talaka?

Barista Hauwa:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin mu yi nisa mu raba abubuwa uku da ake cakuɗawa. Akwai sasanci, inda mai shiga tsakani ba shi da ikon yanke komai, aikinsa ya taimaki ɓangarorin su kai ga matsaya da kansu, kuma kowa yana da damar tashi ya tafi. Akwai tahkimi, inda ɓangarorin suke naɗa wanda zai yi musu hukunci, suna amincewa tun farko cewa abin da ya yanke ya hau kansu. Sai shari'a, wadda ba sai ka yarda ba, sammaci ake kawo maka.

Ma'aunin da nake bi shi ne: mutum yana sasantawa ne a kan abin da ya mallaka. Bashi nawa ne, ina iya yafe rabi. Iyakar gona tamu ce, muna iya matsar da ita taku biyu. Sakamakon zaɓe kuwa ba na 'yan takara ba ne, na waɗanda suka bi layi ne, don haka 'yan takara biyu ba su da hurumin rabawa a ɗaki. Gambiya ce misalin da aka yi daidai. Shugaba Yahya Jammeh ya faɗi zaɓen ranar 1 ga Disamba 2016, bayan mako guda ya ce bai yarda ba. Shugabannin ECOWAS, ciki har da Buhari da John Mahama da Ellen Sirleaf, sun je Banjul, amma ba su buɗe zancen wa ya ci ba. Abin da aka tattauna shi ne yadda zai fita da inda zai nufa. Aka rantsar da Adama Barrow, wanda ya ci zaɓen, a Dakar ranar 19 ga Janairu 2017, Jammeh ya bar ƙasar ranar 21.

Ustaz Nura:
Abin da Barista ta faɗa shi ne ƙa'idar fiƙihu. Hadisi ya halatta sulhu tsakanin Musulmi in banda wanda ya halatta haram ko ya haramta halal. Malamai sun raba haƙƙin bawa da haƙƙin Allah. Ƙisasi magada suna iya yafewa ko su karɓi diyya, amma haddi idan ya isa gaban hukuma babu ceto. Ku kuma lura da tsarin aya ta 9 a Suratul Hujurati: an ce a sulhunta, idan ɓangare ɗaya ya yi zalunci a tsaya a kansa har ya dawo, sannan a sake sulhuntawa da adalci. Mutanenmu sun haddace "sulhu alheri ne", amma wannan tsakiyar, wato taka wa azzalumi burki kafin a ce a yi haƙuri, ita ake tsallakewa.

Dokta Auwal:
Malam Sagir, ka ɗan rage wa Kenya haƙƙinta. Annan bai tsaya a rabon kujeru ba. Ajanda huɗu ya shimfiɗa: dakatar da kashe-kashe, agajin waɗanda suka rasa matsuguni, warware rikicin siyasa, sai ta huɗu, tsofaffin matsaloli irin su filaye, tsarin mulki da gyaran hukumomi. Ta huɗun ce ta haifi kundin tsarin mulkin 2010, wanda jama'a suka amince da shi a ƙuri'ar raba gardama, ya raba iko zuwa gundumomi 47, ya kafa kotun ƙoli. Wannan kotun ce ta soke zaɓen shugaban ƙasa ranar 1 ga Satumba 2017. Ka ga abin da aka karɓe wa mai ƙuri'a a 2008 an biya shi wani kaso daga baya. Inda aka gaza shi ne hukunta masu laifi. Kwamitin Waki, wanda ya binciki kashe-kashen, ya miƙa sunayen waɗanda ake zargi a ambulan, maganar ta kai kotun duniya da ke Hague, shari'un duk suka rushe.

A gida kuma, bayan zaɓen 2011 an kashe mutum sama da 800 a Arewa cikin kwana uku. Wannan ce ta sa aka yi yarjejeniyar Abuja ranar 14 ga Janairu 2015, Jonathan da Buhari suka sa hannu a gaban Annan da Emeka Anyaoku, aka sabunta ranar 26 ga Maris ƙarƙashin kwamitin Janar Abdulsalami da Bishop Kukah. Ka lura, kafin zaɓe aka yi ta, kuma a kan ladubban takara ne, ba a kan sakamako ba.

Malam Sagir:
Na karɓi gyara a kan ajanda ta huɗu, Dokta. Amma yarjejeniyar Abuja babu hukunci ga wanda ya saɓa. An sake sa hannu a 2019 da 2023, an ɗauki hotuna, kuma duk mun ga 'yan daba a rumfunan zaɓe. Abin da ya yi aiki a 2015 kiran wayar da Jonathan ya yi ne ranar 31 ga Maris, ba takardar ba.

Dokta Auwal:
Kiran bai faɗo daga sama ba. Amfanin irin wannan kwamiti shi ne hanyar da yake buɗewa. Idan dare ya yi ana tattara sakamako, akwai wanda zai iya shiga gidan kowane ɗan takara ba tare da an tare shi a ƙofa ba, ya ɗauki saƙo ya kai, ya ba wanda ya faɗi tabbacin ba za a wulaƙanta shi ba. Wannan ba ya ginuwa ranar zaɓe, watanni ake ɗauka. Laifin shi ne a jihohi da yawa ana kwaikwayon bikin sa hannun, ba a gina hanyar.

Hajiya Binta:
Ku yi haƙuri malamai, kun tafi sama da yawa. Mafi yawan mutane ba za su taɓa zuwa kotun zaɓe ba. Inda suke ɗanɗana ko suna da murya ko babu shi ne zauren mai unguwa, ofishin Hisba da caji ofis. A nan ne ake kashin dankali. Matar da aka kora da 'ya'ya huɗu an zaunar da ita gaban maza goma, mijin na kujera ita tana ƙasa, kowa na cewa ta yi haƙuri. In ta ce to, sai a rubuta an sasanta. Wannan ba yarda ba ce, gajiya ce.

Zaman da za a kira na gaskiya yana da matakai. A fara jin kowa shi kaɗai kafin a haɗa su, don abin da mace za ta faɗa a keɓe ba za ta faɗe shi gaban surukai ba. Kowane ɓangare ya zo da mutum ɗaya ko biyu, adadi daidai, kamar yadda aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. A faɗa musu tun farko, da Hausa ƙarara, cewa wanda bai gamsu ba ƙofar kotu a buɗe take, kuma ba rashin kunya ba ne. Kada a sa hannu a ranar, a ba da kwana biyu ko uku mutum ya yi shawara. Sannan a rubuta adadi, ba "zai riƙa kula da su" ba: kwano nawa na hatsi a wata, nawa ne kuɗin cefane, wa zai biya makaranta da asibiti, ran nawa ga wata, ta hannun wa. A sa ranar dawowa bayan wata ɗaya a duba ko an cika.

Abin da ba ya shiga zaure ko kusa shi ne fyaɗe. Duk mai unguwar da ya karɓi wannan ya ce a rufa asiri, ya sayar da yarinyar ne, ya kuma bar mai laifin ga ta gaba.

Alhaji Lawwali (Maraɗi):
Gaisuwa gare ku. Mu nan Nijar doka ta shigar da sarakai cikin tsarin. Tun dokar karkara ta 1993, rigimar gona ko ta makiyayi da manomi ba ta zuwa gaban zuju, wato alƙali, sai ta bi ta hannun maigari ko sarkin kanto ko na rugga. In an daidaita, a rubuta takardar sulhu. In an kasa, a rubuta takardar kasawa, da ita za ka tafi kotu. Akwai kuma kwamitocin filaye a gari, a komin (ƙaramar hukuma) da kuma departama (gundumar da ke samanta), da wakilan manoma, makiyaya, mata da matasa, su ke shata burtali da makiyaya da mashaya. Kowace shekara hukuma ke sanar da ranar sakin gonaki, saboda haka in dabba ta shiga an san kafin ranar ne ko bayanta. Abin da ya faru a Toda a 1991, inda aka kashe mutum sama da ɗari, galibi mata da yara, bai bar kowa da shakkar tsadar barin irin wannan rigima ta girma ba.

Ɓarnar gona ga yadda ya kamata a ƙiyasta ta. A je da wuri, cikin kwana ɗaya ko biyu, kafin iska ko ruwa su share sawu. A tafi da wakilin manoma da na makiyaya tare da malamin gona. A ƙirga kunyoyin gonar duka, a ƙirga waɗanda aka ci. A misali, gona mai kunya 100 da ke ba da dami 40, in an ci kunya 25, ɓarnar dami 10 ce. Sai a duba girman shukar, domin gero ƙarami yana sake tofowa, ba daidai yake da wanda ya fid da kai ba. Sannan a daidaita da wane farashi za a biya, na kaka ko na ranar. Wuraren da abin ke lalacewa uku ne: a kama garken da aka tarar kusa alhali wanda ya yi ɓarnar ya wuce da dare, kuɗin mota da na zama su fi ɓarnar yawa, ko kuma gonar ita kanta a cikin burtali take amma ba wanda ya tambaya.

Game da tambayar Malam Sagir, mun ga ɗaya gefen. A 1995 shugaba Mahamane Ousmane da firaminista Hama Amadou kowa da halascin ƙuri'a, amma aka rasa wanda zai daidaita su, har taron ministoci ya gagara. Ranar 27 ga Janairu 1996 soja suka shigo. Sai a 2004 aka kafa majalisar tuntuɓar juna ta jam'iyyu.

Malam Haruna:
Alhaji, abin da kuke da shi mu ba mu da shi. A Arewacin Najeriya an karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran, kundin 1999 kuma bai ba sarakuna wani aiki ba. Dagaci yana sulhu kullum, amma takardarsa ba ta da ƙarfin doka. Ga kuma babbar matsala: gwamna ke naɗawa, gwamna ke tuɓewa. Kano an raba masarauta a 2019, an sauke sarki a Maris 2020, an soke dokar a Mayu 2024. Ko wane ɓangare mutum yake, ya san hakimin da ke kallon wannan ba zai iya gaya wa shugaban ƙaramar hukuma ya yi kuskure ba. Mai sulhun da ke tsoron ɓangare ɗaya ya riga ya zama ɗan aike.

Shi ya sa nake ganin a duba tsarin Ruwanda. Masu sulhunsu, abunzi, zaɓensu ake yi a matakin unguwanni, aƙalla kashi 30 cikin ɗari mata ne, kuma ƙananan rigingimu sai sun bi ta wurinsu kafin kotu. Kowane mai ƙara yana iya zaɓar mutum ɗaya daga kwamitin, su biyun su zaɓi na uku.

Hajiya Binta:
Kason mata da zaɓen na uku na yarda da su, Malam Haruna. Zaɓe da ƙuri'a ne ban yarda ba. A nan ranar da aka ce za a zaɓi masu sulhu, ranar jam'iyya za ta fitar da nata, a raba taliya da atamfa, sai ɗan adawa ya ƙi kai ƙararsa. Gara kowane rukuni ya ba da sunan wanda ya aminta da shi: limamai, ƙungiyar mata, 'yan kasuwa, arɗo, sarkin noma, matasa, da fasto inda akwai Kirista. A liƙa sunayen a bainar jama'a mako biyu don mai ƙorafi ya yi magana, a sa wa'adi, a hana duk mai riƙe da muƙamin jam'iyya.

Malam Haruna:
To wa zai cire wanda ya lalace? In babu ƙuri'a, komawa za a yi hannun wanda ya naɗa.

Barista Hauwa:
Amsar tana wurin kotu, kuma wannan ne mahaɗar da nake gani tsakanin sulhu da dimokuraɗiyya. Mai rauni yana iya cewa a'a a zaure ne kawai idan ya san akwai alƙalin da zai saurare shi cikin lokaci. In shari'ar gado za ta ci shekara takwas, duk abin da aka miƙa wa marainiya za ta karɓa. Don haka gyaran kotu ne yake ba sulhu daraja, ba kishiyoyi ba ne. Kundin Kenya a sashe na 159 ya umarci kotuna su ƙarfafa sasanci har da na gargajiya, amma ya gindaya cewa kada ya saɓa wa haƙƙoƙin ɗan Adam da ke cikin kundin.

A aikace, hanyar ba takarda haƙora tana nan. Legas ta buɗe kotu mai ƙofofi da yawa, wato sashen kotu da ake kai rigima a sasanta, a 2002, Kano ta buɗe tata a 2009. Idan an daidaita a can, alƙali yana sa hannu ya zama hukuncin yarda, wanda ya saɓa za a zartar a kansa kamar kowane hukunci. Dokar tahkimi da sasanci ta 2023 ta ƙara abu mai amfani: lokacin da aka ɓata ana sasanci ba ya shiga lissafin wa'adin shigar da ƙara. Amma hattara da harkar zaɓe, domin wa'adinta a kundin tsarin mulki yake, sashe na 285: kwana 14 ga rigimar kafin zaɓe, kwana 21 bayan bayyana sakamako, kotu ta gama cikin kwana 180. Ɗan takarar da dattawa suka ce ya dakata ana magana, in ya wuce kwana 14 ya rasa ƙararsa har abada. Ya shigar da ƙara tukuna, a ci gaba da magana, in an daidaita ya janye.

Takardar sulhu kuma ta ƙunshi cikakkun sunaye, ainihin abin da ake jayayya a kai, wa zai yi me, nawa, yaushe, wa ya tsaya masa, me zai biyo baya in an saɓa, da shaidu biyu daga kowane ɓangare. A karanta ta da ƙarfi a harshen da suke ji kafin a dangwala yatsa.

Dokta Auwal:
Tunda an taɓo jam'iyyu, Zamfara ta isa darasi. A 2018 ɓangarorin APC sun kasa daidaitawa a kan zaɓen fid da gwani. Ranar 24 ga Mayu 2019 kotun ƙoli ta ce ba su da 'yan takara, kujerar gwamna, sanatoci 3, 'yan majalisar wakilai 7 da na jiha 24 duk suka tafi. Rashin sasanci ya zubar da ƙuri'un jiha guda. A ɗaya gefen kuma akwai maslahar dole, inda ake kiran masu neman takara gidan gwamnati da dare a ce su janye. Dokar zaɓe ta 2022 a sashe na 84 ta zo da sharaɗin cewa sai kowane mai neman da aka tantance ya rubuta amincewarsa, in mutum ɗaya ya ƙi a koma zaɓe. Sharaɗin Hajiya ne dai a wani zauren: ikon cewa a'a.

Malam Sagir:
To sulhu da 'yan bindiga fa? Katsina ta yi a 2016 da 2019, Zamfara ta yi a 2019, duk sun warware.

Dokta Auwal:
Dalilan a fili suke. An zauna da shugabannin daba, ba a zauna da waɗanda aka kashe wa iyaye aka ƙone wa rumbuna ba. Ba a kai sharuɗɗan majalisar jiha an yi muhawara ba, ba wanda ya san me aka yi alkawari ko nawa aka kashe. Ba a ƙirga makamai kafin a fara ba, don haka in an miƙa goma ba a san ko ɗari ne suka rage ba. Jiha ɗaya tana sulhu maƙwabciyarta tana yaƙi, sai a tsallaka iyaka kawai. Kuma dabobin ba su da shugaba ɗaya da maganarsa za ta hau kowa. Ko sanarwar Kafanchan ta Maris 2016, wadda al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar suka sa wa hannu bayan zama mai tsawo, ba ta hana rikici dawowa kafin ƙarshen shekarar ba, domin masu sa hannun ba su ne masu riƙe da makamai ba, kuma abin da ya rataya a wuyan gwamnati, wato kama masu laifi da biyan diyya, ba a hannun al'umma yake ba.

Ustaz Nura:
Ƙari ɗaya a kan wannan. Gwamna ba shi da ikon yafe jinin da ba nasa ba. Yafiya ta magada ce, kuma sai an tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Afuwar da aka yi ba da saninsu ba ita ce ke haifar da ramuwar gayya bayan shekara biyu.

Hajiya Binta:
Barista, tambaya ta aiki. A ƙauyen da babu kotu mai ƙofofi, takardar da dagaci ya rubuta wa zai ajiye? Sau da yawa kwafi ɗaya ne, yana aljihun mai ƙarfi.

Barista Hauwa:
Kwafi huɗu, Hajiya. Ɗaya ga kowane ɓangare, ɗaya a littafin dagaci mai lambar shafi wanda ba a yage takarda daga ciki, ɗaya a ofishin hakimi. In maganar ta shafi gona, gado ko ciyar da yara, su ɗauki tasu su je kotun yanki ko ta shari'ar Musulunci mafi kusa, a buɗe ƙara, su shaida wa alƙali sun daidaita, ya shigar da sharuɗɗan a matsayin hukunci. Kuma kowa ya ɗauki hoton takardar a waya tun kafin a tashi daga zaman.

Alhaji Lawwali (Maraɗi):
Na gona a ƙara da zanen iyaka da sunayen maƙwabta ta gabas, yamma, kudu da arewa, su ma su sa hannu. Kada a dogara da itace ko suri a matsayin alama, ana sarewa, ana rushewa. A dasa gamba ko a kafa siminti a kusurwa huɗu ranar da aka daidaita, kowa yana tsaye.